Uwar da Na Bar Muku

Ni, Edisa Nakalanzi, 'yar dangin Fara, matar marigayi Yosiya Lubega na dangin Mazo, mazauniyar unguwar Nyendo a Masaka, na rubuta wannan da hannuna, hankalina yana jikina, babu wanda ya tsaya a kaina. Na sa likitana ya shaida hakan a rubuce, don na san idan mai karatu ya kai magana ta huɗu, ɗayanku zai miƙe ya ce ciwon ya hau kai. Bai hau ba. A hanta ya zauna, kuma da alama wurin ya yi masa, ba shi da niyyar ƙaura.

Da ku nake, 'ya'yana: Matovu, Nabukenya, da autana Kasozi. Lauya yana da kwafi, yayana Kalibbala yana da kwafi, saboda haka yaga wannan ba zai amfani kowa ba.

Kafin a shiga rabon kaya, bari in gaya muku abin da na ji. Ranar Lahadin da kuka zo duba ni, kun zauna a baranda kuna magana ƙasa-ƙasa. Kun manta tagar ɗakina a buɗe take, kun kuma manta ciwon hanta ba ya toshe kunne. Matovu ne ya fara.

"Da zarar an rufe makoki, sai a kai yarinyar nan gidan addu'a na kan tudu. Na yi magana da Fasto, akwai gado."

"Har yaushe?" in ji Nabukenya.

"Har abin ya fita."

Kasozi ya ce, "In kuma babu abin da zai fita fa, Yaya?"

"To kai ka ɗauke ta mana, sarkin tausayi. Ɗakinka ɗaya a Kampala, sai ka ɗora ta a kan firji."

Can sai wani ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Yarinyar da kuke nufi Nabiryo ce, wadda take hannuna tun tana shekara huɗu, yanzu tana sha ɗaya. Duk abin da ke cikin takardar nan, a kan waccan hirar ta baranda ya ginu.

Na ɗaya. A binne ni a ƙauye, cikin gonar ayaba, kusa da ubanku. A naɗe ni da mayafin ɓawon itace kamar yadda aka yi wa uwata. Akwatin da ke da madubi da hannayen zinariya ku bar wa masu son a kalle su. Jawabi ya zama kaɗan. Na halarci jana'izar abokan aiki da yawa, na ga yadda mutuwa take gyara wa mutum hali cikin kwana biyu, kuma ba na so a mayar da ni mai haƙuri bayan na shafe shekara saba'in ina guje wa hakan. Kada a kunna lasifika, ko ta waƙa ko ta wa'azi. Nabiryo za ta zauna a layin gaba, ƙarar lasifika kuwa a kunnenta kamar ana tura ƙusa ne. Wanda muryarsa ba ta isa ba, ya taƙaita.

Na biyu. Babu mai bi na bashi, ni ma ba na bin kowa. Gonar ƙauye taku ce ku uku, a haɗe, ba a yanka ba. Tufafina na Nabukenya ne, ta raba wa wanda ta ga dama. Mota ta Kasozi ce, tunda ya riga ya gaje ta ina raye. Matovu ya ɗauki kujerar ubansa da hotunan aurenmu. Littattafaina su zauna inda suke, akwai mai karanta su.

Na uku. Za a karanta wannan a gaban dangi, cikinsu kuwa akwai waɗanda ba su san Nabiryo ba sai da sunan "yarinyar nan ta gidan Edisa". Bari in gabatar da ita.

'Yar Masembe ce, ɗan yayana Kalibbala. Uwarta Zawedde. Da yarinya ta kai shekara uku ba ta magana, ba ta kallon mai kiranta, sai dangi suka zauna suka binciko inda abin ya fito. Binciken bai ɗau lokaci ba, kuma kamar kullum, a gefen uwa aka same shi. Zawedde ta sha magana har ta tattara kayanta. Masembe ya sami aikin gadi a ƙasar Larabawa, ya kawo mini yarinya da jaka ɗaya, ya ce na ɗan lokaci ne. Lokacin ban daɗe da ajiye aikin koyar da ilimin tsirrai a jami'a ba, ubanku ya rasu, ku kun watse, gida ya yi mini faɗi.

Makon farko ba ta kalle ni ba. Kullum da safe sai ta kwanta rub-da-ciki a bakin rariya, ta ƙura wa ƙasa ido har rana ta yi zafi. Na kira, na lallasa, na kawo rake, babu. Rannan na gaji da tsayuwa, na kwanta kusa da ita, ni da gwiwoyin nan nawa. Ashe tururuwa take kallo. Ta ɗora yatsa ta goge hanyarsu, suka rikice, suka watse, suka sake haɗa layi. Ta goge wani wuri. Ta sa ganye, ta sa dutse, ta ɗiga yawu. Ba zaune take kawai ba, gwaji take yi, kuma ta fi wasu ɗalibaina tsari. Daga ranar na daina tambayar me ke damunta, na koma tambayar me take kallo. Tambaya ta biyu ta fi amsuwa.

Ta kusa shekara shida kafin ta haɗa magana. Lokacin fara ne, gari duk ya cika da ƙamshin suya. Ta shigo riƙe da ɗaya mai rai, ta kai ta daidai hancina.

"Ina kunnenta?"

Ba Jajja ba, wato kaka, ba yunwa ba, ba ruwa ba. Ina kunnenta. Muka sauko da littattafai muka duba, muka tarar a ƙafafun gaba yake, ƙasa da gwiwa. Ta dubi gwiwarta, ta dubi tawa, ta fita. Tun daga nan tambaya ba ta yanke ba. Me ya sa inuwa ba ta jiƙewa? Ayaba ba ta da ƙwallo, to wa ya haife ta? Me ya sa mata suke durƙusawa wajen gaisuwa, maza suna tsaye, gwiwar maza ce ba ta lanƙwasuwa? Me ya sa ake tambayar mutum yadda ya kwana, in ya fara bayani a tafi? Ta taɓa tsare kakanta Kalibbala a falo.

"Jajja, mu dangin Fara ne?"

"Ƙwarai, shi ya sa ba ma cin ta."

"'Yan uwanmu ne?"

"Haka kakanni suka ce."

"To ana kashe su buhu-buhu a bakin titi, me ya sa ba ma zuwa makoki?"

Ya juyo ya ce, "Edisa, kama 'yarki." Ban kama ba, don ni ma ina son jin amsar.

Wata likita a Kampala ta ba abin suna, ta ce otizim. Na yi maraba da sunan, don waɗanda aka ba shi kafin nan sun fi muni: aljani, asiri, alhakin uwa, rashin duka. Ba zan yi muku ƙarya ba, zama da ita ba hutu ba ne. Idan miya ta taɓa ayabarta, an gama cin abinci. Idan aka sauya hanyar makaranta ba a gaya mata ba, za ta yi ihu har maƙwabta su leƙo. Ta ciji hannunta har ya yi jini, ta fasa mini taga. Ba waliyyiya ba ce, yarinya ce. Amma na lura duk ihun yana da dalili, kuma yawanci dalilin wani babba ne da ya ga ba sai ya yi bayani ba.

Tana shekara takwas ta dawo daga makaranta ta tsaya a ƙofar kicin.

"Jajja, malama ta ce in riƙa yi kamar mutane. Ni mece ce?"

Na so in yi hikima. Na tuna mata cewa a cikin fara, yawanci kore ne ko ruwan ƙasa, amma jefi-jefi akan sami mai ratsin shunayya, kuma ita ce ta fi kyau. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Duka ana soya su." Daga ranar na daina yi mata misali. Na zaunar da ita na faɗa mata kai tsaye: kanki daban aka ƙera shi. Ƙara ta fi shigarki, fuskar mutane ta fi yi miki wuyar karantawa, idonki kuma yana kama abin da namu yake tsallakewa. Yana da suna, kuma akwai irinki da yawa, a Masaka ma akwai.

"Za a gyara?"

"Ba lalacewa ya yi ba."

Ta yi tunani. "To su sauran, sun san su ma daban suke da ni?"

Na ce ina jin ba su sani ba. Wannan ya ba ta sha'awa ƙwarai. Tun daga nan ta ɗauki mutane ta haɗa su da tururuwa da fara, suka zama abin nazari. Takan kawo mini sakamako wajen cin abinci. Ta gano mutane suna nuna haƙora idan sun ji daɗi, suna nuna haƙora idan sun ji kunya, "Kawu Matovu kuma yana nuna haƙora idan yana son tafiya." Ta koyi durƙusawa, ba don ta gamsu ba, sai don ta ce ta lura tsofaffi sun fi amsa tambaya idan an fara da hakan. Yanzu in baƙo ya zo, da kanta take fitowa ta ce, "Sunana Nabiryo. Ina da otizim. Ba na son a taɓa ni. Kana da tambaya? Ni ina da ita." Shekaru muka yi kafin mu kai ga wannan gaisuwar, kuma ita ce abin da na fi alfahari da shi, har fiye da digirina. Wata ɗaya a kan tudu ya isa ya rushe ta.

Na huɗu. Kun san al'ada. Mace ba 'ya'yanta ne suke gadon matsayinta ba, don ku Mazo ne, ni Fara. Daga gidan ubanta ake ɗauko magajiya. Ranar rufe makoki a yafa mata ɓawon itace, a ba ta wuƙar feraye ayaba da kwando, daga ranar ita ce uwar 'ya'yan marigayiya, da ita ake shawara, ita ake fara gaisarwa. Kowa ya ɗauka Nandawula ce, 'yar Kalibbala, har na ji ta ba da ɗinkin sabuwar gomesi, doguwar rigar biki mai tsinin kafaɗa. Ba ita ba ce. Magajiyata Nabiryo ce. Nandawula za ta zauna a gefenta a matsayin mataimakiya, kamar yadda ake yi, saboda haka ɗinkin bai tashi a banza ba.

Na riga na yi magana da Kalibbala, tunda shi zai yafa mayafin.

"Edisa, 'yar shekara sha ɗaya?"

"An naɗa na goye a gidan gwaggonmu, kana wurin, kai ka riƙe laima."

"Wancan daban. Ita wannan..."

"Ita wannan me? Ƙarasa mana, Yaya, jikarka ce."

Ya dubi silin.

Na ce, "Jinin Fara ce ko ba jinin Fara ba?"

"Jinin Fara ce."

"Al'ada ta tambayi wani abu bayan wannan?"

Ya daɗe yana murza sandarsa. Sannan ya ce, "Tun kina ƙarama kike sa mutum ya faɗi abin da bai fito da shi daga gida ba." Ya yarda, kuma a gaban lauya ya yarda.

Na san abin da za ku ce, cewa ni ce na shafe rayuwata ina yi wa al'adun nan kallon ganye a ƙarƙashin madubin bincike. Gaskiya ne, kuma ni ma abin ya ba ni mamaki. Na duba doka, na duba coci, na duba zukatanku, ban sami inda zan ajiye yarinyar nan ba a taɓa ta ba, sai a cikin tsohuwar al'adar da nake yi wa dariya. Ba a ɓoye uwa a ɗakin baya idan baƙi sun zo. Ba a yin biki a manta da kujerarta. Kuma duk wanda ya ɗauki uwarsa ya kai ta aka ɗaure a gado, Masaka ƙaramin gari ne, za a riƙa nuna jikokinsa da baki.

Abu ɗaya yake yi mini ciwo, ba zan ga fuskokinku ba. Ina kwance ina ta hasashe: Matovu, manajan banki, da tumbinsa da agogonsa, ya rusuna ya ce Maama, ita kuma tana kallon takalminsa tana tambayar me ya sa ɗaya ya fi cinyewa. Da ana ba mamaci izinin yini guda, wannan ranar zan zaɓa.

Na biyar. Gidan Nyendo mazaunin Nabiryo ne muddin ranta. Ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a sa 'yan haya a ɗakinta. Nabukenya da Kasozi su ne masu riƙon amana. Uwarta Zawedde za ta dawo ta zauna da ita. Na neme ta na same ta a Lukaya tana sayar da gwanjo, kuma ta daɗe tana zuwa nan duk Asabar, ku ne dai ba ku zuwa ranar Asabar. Duk wanda ya sake cewa daga gefenta abin ya fito, a tambaye shi a wane asibiti ya yi karatu.

Ga kuma yadda ake zama da sabuwar uwarku. Idan ta yi tambaya, kada ku ce "haka yake". In kun sani ku faɗa, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku zauna ku bincika tare. Za ku ga "ban sani ba" ba ta kashe babba. Ni na faɗe ta sau da yawa, ba ita ce za ta kashe ni ba. Duk abin da zai sauya, ku gaya mata tun da wuri. Idan tana kaɗa hannuwa, murna ce ko gajiya, ku bar mata hannuwanta. Kada ku ce ta kalle ku a ido. Ta gaya mini in tana kallon ido ba ta jin magana, sai dai ku zaɓi ɗaya. Lokacin fara, ku kai ta wurin kamu da yamma kafin a kunna manyan fitilu da injina, ku tsaya nesa, ku karɓar mata kofi ɗaya na masu rai. Za ta duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sake su. Masu kamun sun san ta, suna ce mata lauyar fara. Kuma a bar ta a makarantar da take, sabuwar malamarsu tana barin ta ta fita idan aji ya yi hayaniya.

Na shida. Matovu da Kasozi, ku daina gaba. Kowa ya san asalinta, amma zan faɗa don a binne ta tare da ni. Ranar gabatar da mijin Namatovu ce, 'yar Matovu, wadda a lokacin take zaune a wurina. An kafa rumfuna, dangin ango sun jeru, masu magana da yawun ɓangarorin biyu suna ta wasan da aka saba: su sun ce matafiya ne da suka biyo neman ruwan sha, mu mun ce ba mu taɓa ganinsu ba, har sai gwaggon amarya ta fito ta zaƙulo angon daga cikin jama'a. Kowa ya san wasa ne. Babu wanda ya gaya wa Nabiryo. Mai maganarmu ya ɗaga murya ya ce, "A cikin baƙin nan, akwai fuskar da gidan nan ya sani?" Sai ta miƙe ta nuna da yatsa.

"Ga shi can, mai gilashi. Kullum yana zuwa. Ranar Talata ma ya kwana, na ga takalminsa da safe."

Kasozi ne ya fara dariya, har ya faɗo daga kujera, sannan dangin ango suka kama. Matovu bai yi ba. An ja ta an kulle a ɗakin ajiya, ta yi ta dukan ƙofa tana cewa, "Ai tambaya ya yi!" Kuma tambaya ya yi. Auren nan yana nan lafiya, har da ɗa, wanda ya iso da ɗan sauri, babu kuma wanda ya ce masa aljani ne ya kawo shi. Kasozi, ka nemi gafarar yayanka, dariyar ta yi tsawo. Matovu, ka yafe, ka kuma yarda cewa kunyar ranar ce take tura ka kan tudu, ba tausayi ba.

Na bakwai, kuma wannan naka ne kai kaɗai, Matovu. Na je gidan addu'ar nan. Bayan hirarku na hau acaɓa da sandata, na ce musu ina da jika mai irin wannan lalurar. Sun karɓe ni da fara'a, ba mugayen fuska gare su ba. Lasifika tana aiki tun safe. Yara suna azumin da ba su ɗauka ba, wasu an ɗaure ƙafarsu da zane a jikin gado. Na ga wata yarinya sa'ar Nabiryo tana ta jijjiga jiki, idonta a kusurwar rufi. Na bi idon, sai na ga zanzaro yana ginin ɗakinsa na laka. Ina jin ta daɗe tana bin ginin nan, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta me ta gani. Matar da take zagayawa da ni ta ce, "Jajja, ki kawo ta kawai. Kafin wata uku za ki ga ta yi shiru." Na ce mata shirun nake tsoro.

Kai ba mugu ba ne, ɗana. Tsoro kake ji, kuma kana son abu ya zauna a inda aka ajiye shi. Amma ni na san wani yaro da ya kwance rediyon ubansa da cokali don ya ga mutanen da ke ciki, wanda ya hana ni barcin rana da tambayar inda wuta take tafiya idan an hure ta. Bulalar makaranta da bel ɗin ubanka suka taru suka mai da shi yaron kirki, kowa ya yaba. Ina yawan tunanin ina ya tafi. In kana son ka sake haɗuwa da shi, ka zo Nyendo ka kwanta a bakin rariya. Ka je da kanka ka gaya wa Fasto ya ba wani gadon, ko ma dai ya bar shi babu kowa.

Na takwas. Kada ku ce na ɗora wa yarinya kaya ba da saninta ba. Na tambaye ta, kuma na gaya mata komai, har da cewa zan mutu. Ba ta yi kuka ba, tambayoyi ta yi. Ta tambayi ko zan ji sanyi a ƙasa, na ce a'a. Ta tambayi wace halitta ce za ta fara isowa gare ni, muka duba tare, kuma na furta cewa amsar ta ba ni sha'awa fiye da yadda ya kamata. Saboda haka kada kowa ya ce mata na yi tafiya ko ina barci. Za ta tsaya a bakin ƙofa tana jira, ko ta ƙi kwanciya. Ku ce na mutu, ku bar ta ta ga gawata in tana so, ku amsa abin da ta tambaya. Rannan na same ta ta ɗauki ɗankwalina ta ɓoye a ƙarƙashin matashinta, ta ce wari yana daɗewa bayan mutum, tana so ta ga har yaushe. Wannan shi ne kukanta, ku gane shi idan kun gan shi.

Game da naɗin, ta kafa sharuɗɗa. Mayafin ɓawon yana ƙaiƙayi, a sa mata a kan riga mai dogon hannu. Kada a yi guɗa a kusa da kunnenta. Kalibbala ya gaya mata kafin ya taɓa kafaɗarta. Sannan ta ce,

"Idan na zama uwarsu, za su iya kai ni kan tudu?"

Ban gaya mata maganar tudu ba. Ita ma tagarta a buɗe take ranar.

Na ce, "A'a."

"Ni zan iya kai su?"

"Wannan ma a'a."

Ta ce to babu laifi, ta yarda.

Ni ba yarinya ba ce, na san iyakar abin da na yi. Al'ada za ta iya hana ku ɗauke ta, ba za ta iya sa ku so ta ba. Kuna iya rusunawa ku ce Maama a gaban jama'a, ku shiga mota, kada a sake ganinku sai wani makokin. Takarda ba ta da maganin wannan. Ita ma ta hango haka, ta hanyarta. Ta ce mini ranar naɗin, idan kun zo gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, za ta yi wa kowannenku tambaya guda, kuma iri ɗaya ce. Na roƙi izininta in gaya muku tun yanzu don ku shirya, ta ce ai gara, mutane ba sa son a ba su mamaki. Tambayar ita ce, "Za ka dawo?"

Ku tuna ba ta karanta fuska. Ba za ta ga kunya a idonku ba, ba za ta ji nauyin baki a muryarku ba. Duk abin da kuka ce shi za ta ɗauka, ta riƙe, ta jira. Wanda ba zai dawo ba ya ce a'a, za ta ji ciwo amma za ta fahimta. Wanda ya ce i, ya faɗi rana, kuma ya zo.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da abin da suka haifa. Matovu, Allah ya sassauta maka tsoro. Nabukenya, shirunki ya isa, Allah ya ba ki bakin faɗar abin da kika gani daidai. Kasozi, Allah ya sa tausayinka ya sami ƙafafu. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini kaifin harshe. Ku riƙe juna, ku ci abinci a tukunya ɗaya ko da sau ɗaya ne a wata, kuma a gidan uwarku za ku ci. Ina fatan ku ukun ku ce mata i.

Edisa Nakalanzi
Nyendo, Masaka